Fijo 504 na ƙarewa a hannun 'yan gwangwan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba, ga tsadar abinci ga rashin tsaro. Na yarda da su. Sai dai waɗancan matsaloli kullum suna da masu magana a kansu, wannan kuwa ban ji mai yi ba. Maganar tsofaffin motoci ce, musamman Peugeot 504, Fijon da kowa ya sani, wadda yanzu ake yanka ta da wutar walda, a ɗora ta a sikeli, a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe.

Ni ɗan fansho ne a nan Kaduna, kuma ina riƙe da 504 fara, ƙirar farkon shekarun 1980, haɗin Kakuri. Da ita nake zuwa masallacin Juma'a da ɗaurin aure, da ita nake zuwa Zariya gaida 'yan'uwa. 'Ya'yana sun gaji da roƙona in rabu da ita, jikokina kuwa rige-rigen shiga suke yi.

Yaran yanzu da dama ba su san cewa a garin nan aka yi ta haɗa wannan mota ba. A Faransa ta fara fitowa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ya fara aiki a Kakuri a 1975, zamanin Janar Gowon. A wancan lokaci har ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga birnin Lyon zuwa filin jirgin Kano, sannan manyan motoci su kawo su Kaduna. A daidai lokacin ne kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, ya shigo hannun ma'aikata, ga kuma bashin mota da gwamnati ke bayarwa, sai ka ga ma'aikaci mai matsakaicin matsayi ya sayi mota sabuwa fil, da ledarta a kan kujeru. Bayan kisan Janar Murtala a Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Kwamishina a cikinta, babban sakatare a cikinta, direban tasha ma a cikinta, bambancin kawai tuta da labule.

Faransawa sun daina yin salun ɗin tun 1983, amma Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, mu kuma a Kaduna muka kai ta tsakiyar shekarun 2000. Wato kusan shekara 30 ana fitar da mota ɗaya daga unguwa ɗaya. Ban da PAN akwai masana'antun haɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, manyan motocin Fiat a Kano da na Marsandi a Inugu. Yadda aka yi duk suka durƙushe labari ne mai tsawo: faɗuwar darajar naira tun daga 1986, kwararowar motocin Beljiyam ta Kwatano, sannan gwamnati da kanta ta rage sayen motocin ofis bayan ta mayar da alawus-alawus kuɗi a hannu a 2003. An sayar da PAN ga 'yan kasuwa a 2006. Wannan duk masana tattalin arziki sun fi ni iya bayaninsa. Ni motar ce ta dame ni.

Me ya sa ta yi ƙarko haka? Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2, kwance yake kaɗan a gefe guda, kuma babu abin da ya ɓoye maka. Ka buɗe bonet ka ga kafireto, ka ga distiributa, ka ga fulogi huɗu, hannunka ya kai ko'ina. Sarƙa ce ke juya taimin ɗinta, ba bel ba. Silif ɗin da fistin ke gudu a ciki ana zare shi a sa sabo, don haka injin da ya gaji ana iya mayar da shi kamar sabo ba tare da an jefar da bulok ba. Farfelarta a cikin bututu take tun daga giya har baya, shi ya sa ƙura da duwatsu ba sa cin ta. Ga tsawo daga ƙasa, ga laushin tafiya a hanyar burji. Ba banza ba ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975 a hannun direba Ove Andersson, bayan yayarta 404 ta ci wannan gasa sau huɗu a shekarun 1960. Makwabtanmu na Nijar ma sun san ta sarai. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan tuƙo tsofaffin 504 su ratso Sahara ta Tamanrasset su sayar a Arlit ko Agadas, su hau jirgi su koma gida, motar kuma ta shiga jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Damagaram ta sake wata rayuwar.

To ina suka tafi? Wasu hatsari ya ci, wasu aikin tasha ya tatse su har ƙarshe, wannan ba abin kuka ba ne, don aiki aka yi su. Waɗanda ke ba ni takaici su ne lafiyayyun da ke mutuwa a tsaye. Mai gida ya rasu, a tura motarsa gindin darbejiya a ce sai an raba gado. Rabon gado ya ɗauki shekaru. Tayoyi su sace, ruwan damina ya shiga ta robar gilashi ya kwanta ƙarƙashin kafet, ɓeraye su cinye wayoyi, kaji su mayar da kujerar baya akurki. Ranar da magada suka daidaita, babu mai son ta a kasonsa, sai a kira ɗan gwangwan ya yi mata kuɗin ƙarfe. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin ya ƙaru, domin masu rai ma sun jingine nasu, kuma motar da aka jingine wata shida ta kama hanyar sikeli. Ba na zargin 'yan gwangwan, sana'arsu suke yi, abin da aka miƙa musu suke saya. Mu masu miƙawar nake wa magana.

Na lura wasu matasa sun fara sha'awar tsofaffin motoci, suna ganin hotunansu a Facebook da Instagram, suna tsayar da ni a gidan mai su ce, "Baba, ba za ka sayar ba?" Ba zan sayar ba, amma ga abin da nake gaya musu, kuma shi ne rabin dalilin wannan wasiƙa.

Kada fenti ya ruɗe ka. A tsohuwar mota bodi ne dukiya, inji kuwa ana gyarawa. Ka je da rana tsaka, ka ɗaga kafet ka duba daɓen ƙasa, ka duba daɓen but, ka duba ƙasan ƙofofi da wurin da ake kafa jak da kan shokazoba na gaba. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka dubi inda ƙafafun baya suka kama jiki, domin idan tsatsa ta ci nan, aikin ya wuce na mai walda na bakin titi. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu ka riƙa manna shi a jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, foti ne aka cusa aka shafe da fenti. Motar da ta yi zamanta a Sakkwato ko Katsina ko Damagaram, inda iska ke a bushe, galibi ta fi wadda ta zauna Legas ko Fatakwal lafiyar ƙarfe, ko da fentinta ya ƙone kujerunta sun tsage. Ni na fi son mota mai ƙonannen fenti na asali a kan mai sheƙin da ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Inji kuma, ka ce kada a tayar da shi kafin ka zo. Ka sa hannu ka ji da sanyinsa, sannan a tayar a gabanka. Shuɗin hayaƙi yana nuna tana shan baƙin mai, ringi ne ko gayid ɗin bawul. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, ruwa ne ke shiga. Ka zaro ma'aunin baƙin mai, ka buɗe murfin sama, idan ka ga abu kamar madara to ruwa da mai sun haɗu, ko gasket ko robar gindin silif. Duk wannan ba ya hana saye, amma yana rage kuɗi. Abin da zai sa in juya in tafi shi ne in ga an cire injinta an dasa na wata motar Japan, an yanke nan an yi walda can. Direban haya da ya yi haka don neman abincin iyalinsa ba ni da ta cewa a kansa. Amma kai da ke neman 504 don ita kanta, wannan ba ita ba ce.

Sai takardu, kuma a nan mutanenmu suka fi sakaci saboda kunya. Ka duba lambar shasi da ta inji da idonka ka gwada da abin da ke rubuce. Idan haɗin Kaduna ce, ka nemi takardar mallaka da tsofaffin lasisin mota. Idan shigo da ita aka yi daga waje, ka nemi takardar kwastan. Idan ta gado ce, kada ka biya ɗa ɗaya a bayan gida don ya ce shi ne babba. A zauna da magada ko wakilinsu da kowa ya amince da shi, a rubuta yarjejeniya, a sa shaidu, in da hali mai unguwa ya sani, sannan ka je a canja suna. Na ga cinikin da aka warware bayan mai saye ya gama kashe kuɗin fenti da kujeru, saboda wata 'yar marigayin da ke aure a wani gari ta ce ba a shawarce ta ba, kuma gaskiyarta ne.

Wanda ya saya kuma ya sani cewa kuɗin saye somin-taɓi ne. Kafin a yi maganar fenti ko rediyo, a fara da birki. Robobin birki da tiyo-tiyonsa suna tsufa ko motar ba ta tafiya, man birki kuma yana shan danshi, don haka a zubar da tsohon gaba ɗaya a sa sabo. Tiyon fetur ma a canja shi duka, domin tsohon tiyo da ke ɗiga a kan inji mai zafi shi ne ke ƙone irin waɗannan motoci, kuma a ajiye abin kashe gobara a inda hannu zai kai, ba can ƙarƙashin kaya a but ba. Taya kuma ba zanenta kawai ake dubawa ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar da ta shekara goma, ko zanenta bai taɓu ba, ba ta cancanci hawa hanyar Kaduna zuwa Kano da zafin watan Afrilu ba.

Abin da ya fi kashe injin 504 a ƙasar nan, a ganina, ruwan lagireto ne. Kan injin na alminiyam ne, bulok ɗin na baƙin ƙarfe, mu kuma sai mu ɗebo ruwan rijiya ko na kwata mu ɗura. A hankali ya ci kan injin, ya toshe lagireto, wata rana a go-sulo allurar zafi ta haura, gasket ya ƙone. Ruwan sanyaya inji na gwangwani ba ado ba ne. Haka kuma al'adar nan ta cire tamostat a jefar da zarar mota ta shigo hannu, wai ƙasarmu da zafi, ban yarda da ita ba. Idan mota na zafi, a wanke lagireto, a duba famfon ruwa da fanka da bel. Sauran hidimarta kaɗan ce: juyen baƙin mai a kan lokaci, saitin tafet, share fulogi, duba kwantak da kwandensa, wanke matatar iska musamman lokacin hunturu da ƙura ke cika ta. Kullum akwai kwantak da kwandensa da bel na safaya a cikin motata, da sifana da sukundireba, domin su ne ke tsayar da mutum a daji, kuma gyaran minti kaɗan ne ga wanda ya iya. Kuma a riƙa hawanta. Ko sau ɗaya a mako a fita da ita ta yi zafi sosai, a taka birki, a sa kowace giya. Ajiya ta fi tafiya lalata ta.

Kayan gyara har yanzu ana samu, a Panteka nan Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, tunda motar ta yi yawa a zamaninta. Kayan inji da na ƙafa ba su yi wuya ba tukuna. Waɗanda ke ɓacewa su ne ƙananan abubuwa: fitilun gaba masu siffar nan tata, gilashin fitilar baya, hannun ƙofa, robar gilashi, agogon dashbod, zakin da ke gaban giril. Duk 504 ɗin da aka yanka, waɗannan a bola suke ƙarewa, domin mai sikeli ƙarfe yake nema. Game da sababbin kaya kuwa, akwai na kirki akwai jabu a kwali iri ɗaya, kuma araha ba ta ado. Sau da yawa tsohon abu na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabon da ba a san inda aka yi shi ba.

Man fetur fa? Gaskiya tana sha fiye da ƙananan motocin yanzu, ba zan ɓoye ba. Amma yawancin waɗanda ake cewa suna zuƙar mai kamar rariya, kafiretonsu ne ya lalace ko taimin ya goce, an bar su a haka shekara da shekaru. Wasu abokaina sun mayar da nasu masu amfani da iskar gas ta CNG. Ga mai hawa kullum, dabara ce. Sharaɗina ɗaya, a kai wa waɗanda suka koyi aikin da tukunyar da aka yi don haka, kada a bari wani ya ɗaura tukunyar girki a but. Ni dai ban huda tawa ba.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai, Malam Edita. Ko mun adana motocin, masu gyaransu suna ƙarewa. Bakaniken da ke duba tawa ya haura shekara 70. Yakan kara sukundireba a jikin inji ya sa kunnensa a ƙotar, ya ce maka tafet na uku ne ya saki, a buɗe a tarar haka ne. Yana saita kafireto da kunne da ƙanshin hayaƙi. Yaran garejinsa kuwa duk sun koma wajen motocin da ake sa wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu, kuma ban ga laifinsu ba, can kuɗin yake. Ran da na kai ta wani gareji a kan hanya, wani saurayi ya zagaya ta yana neman inda zai soka na'urarsa, da bai samu ba ya ce, "Alhaji, wannan sai dai ka nemi su baba." Su baban nan saura nawa? Haka masu gyaran bodi da ke iya buga ƙarfe da guduma su fitar da siffa ba tare da foti ba, haka masu naɗa wayar dainamo da kik, haka dubban mutanen da suka yi aiki a layin haɗi na Kakuri, waɗanda wasunsu har Faransa aka kai su horo. Suna nan a unguwanninmu sun tsufa, ba wanda ya taɓa zama da su da abin ɗaukar magana.

A wasu ƙasashe ba haka ake yi ba. Peugeot na da gidan tarihi a Sochaux, garin da babbar masana'antarsu take, tun 1988. A Faransa motar da ta shekara 30 tana iya samun rajista ta musamman a matsayin kayan tarihi. A Ingila wadda ta shekara 40 ana yafe mata harajin hanya. Mu a nan, tsohuwar motar da na san ana nunawa a gidan tarihi ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Murtala a ciki, tana Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta. Ya kamata a adana ta, babu shakka. Amma a ce abin da za mu nuna wa jikoki na tarihin mota a ƙasar nan shi ne wadda aka yi kisa a ciki kawai, alhali muna da wadda hannayenmu suka haɗa?

Roƙona ba mai tsada ba ne. Gwamnatin Jihar Kaduna da hukumar gidajen tarihi su nemi 504 guda uku masu lafiya, salun da wagon da a-kori-kura, haɗin Kakuri, su ajiye a gidan tarihin da ke titin Ali Akilu ko wani wuri mai rufi, tare da hotuna da kayan aikin ma'aikatan. Kuɗinsu duka bai kai na jif ɗaya cikin ayarin babban mutum ba. Masu PAN na yanzu da kamfanin Dangote da ya fara haɗa sababbin Peugeot a Kaduna a 2022 su ma suna da hannun da za su sa, tunda sunan da 504 ta gina ne suke cin moriyarsa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da makarantun koyon sana'a su riƙa gayyatar tsofaffin kanikawa suna koyar da ɗalibai a kan irin wannan inji, a biya su, domin wanda ya fahimci inji mai kafireto ya fahimci tushen kowane inji. Hukumomin lasisi kuma su duba yiwuwar rajista ta daban mai sauƙin kuɗi ga motar da ta haura shekara 30, da sharaɗin birkinta da fitilunta da tayoyinta su ci jarrabawa. Ba na neman a bar akwalar da ba ta da birki ta hau titi da sunan tarihi.

Ga magada kuma, don Allah idan an yi rashi aka bar tsohuwar mota, ko 504 ce, ko 505, ko Marsandi, ko Bitil, a tura ta inuwa mai rufi, a cire batir, a ɗora ta a kan duwatsu ko katako, a sa wani ya riƙa mayar da batirin yana tayar da ita. Idan sayarwa za a yi, a fara cigiyar mai so kafin a kira mai sikeli. Ko ta mutu murus, a bar masu irinta su zo su ciri fitilu da gilasai da ƙananan kaya su biya, kuɗin zai fi na kilo, marayu ma sun ƙaru.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka Kakuri da Panteka ya zauna da tsofaffin ma'aikatan PAN da kanikawan Fijo, ya ɗauko labarinsu da hotunansu a buga mana, ko shafi ɗaya ne a wata. Idan yana bukatar wanda zai zagaya da shi, ofishinku na da lambata a bayan wannan takarda, zan zo in ɗauke shi da kaina.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani ɗan fansho mai karatunku,
Tudun Wada, Kaduna.